Kyanwar Ɗangaladima da Batirin da Ke Kwana da Yunwa

A ƙasar Tudun Marke an yi wani hakimi, Ɗangaladima Sambo, mutum mai son jin dalilin kowane abu. Ya sayi mota mai ɗaki, da gado da firij, don rangadin ƙauyuka. Batirin da ke ba ɗakin wuta ya hana shi sakat: kullum a wayi gari ya mutu, maganin ciwon sukarinsa da ke firij ya ɗumame. Aka sa sabo, bai sake zani ba. Fadawa suka ce Barau direba ne ke musanya nagari da tsoho, hakimi ya ƙudura sallamarsa.

Da hantsi yana zaune shi kaɗai a motar, sai tsohuwar kyanwarsa ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka raba mutum da abincinsa, ka ji labarin Jatau mai randa."

Ya gyara zama. "Me ya sami randarsa?"

Kyanwa ta ce, "Jatau yana da randa a zaure, kullum a cika ta da safe, kafin azahar ta ƙafe. Ya ce yoyo take, ya sayi wata, ita ma haka. Ya tafi wurin Inna Lanti maginiya yana kumfar baki. Ta ce, 'Zauna, ɗan nan, ka ji yadda kakata ta yi da akuyarta.'

"'Kakata tana da akuyar da take so kamar 'ya. Nono ya ɗauke, ta ce maƙwabciya ke tatsa a ɓoye, har suka daina gaisawa. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita a tsakar gida, ta yini tana kallon akuyar. Ashe don gudun ɓata ta ɗaure ta da guntuwar igiyar da ba ta kai ciyawa, ga 'ya'yan akuyoyin gidan duk suna tsotsonta. Kai ma ka taɓa yini kusa da randarka?'

"Jatau ya koma ya yini a zaure. Ya ga mai garuwa rabin randa yake zubawa, ya ga kuma duk mai wucewa sai ya sha, don shi da bakinsa ya ce ruwan sadaka ne. Randa kawai ya yi ta tuhuma, bai taɓa duba shiga da fita ba."

Ɗangaladima ya shafa gemu. "Ni ina igiyata, su wa ke tsotsona?"

"Kyanwa ce ni, ba bakanike ba. Ka buɗe labulen tagar motarka yau."

Ya buɗe. Da aka tashi, mutanen gari suka fito rakiya da ƙafa, yadda aka saba yi wa hakimi, mota na rarrafe a tsakiyarsu. Kafin inji ya yi zafi an isa ƙauyen gaba, aka kashe. Nan take layi ya kafu a bayan mota: wayoyi, tociloli, har rediyon mai unguwa, Barau na jona su da batirin ɗaya bayan ɗaya. Sai hakimi ya tuna a zangon farko shi ya ce kowa ya kawo caji.

Ya kira Barau. "Yaushe batirin nan ke cika?"

"Sai inji ya yi gudu mai nisa, ranka ya daɗe."

"Ka sani, ka yi shiru?"

Barau ya sunkuya. "Allah ya ja zamaninka, wa zai ce maka ka tsere wa masu rakiyarka, ko ka janye kyautar da ka yi a bainar jama'a?"

Hakimi ya jima yana kallon layin. Bai hana rakiya ba, bai hana caji ba. Ya ce daga yau Barau ya riƙa zagayawa ta doguwar hanyar kwalta, wayoyin jama'a na jone, shi kuwa zai taka da ƙafa tare da mutanensa.

Washegari ya taɓa kwalbar magani, ya ji ta da sanyi. Ya ce wa kyanwa, "Na karɓi maganarki." Sa'an nan ya leƙa ya dubi fadawan da suka kai ƙarar Barau, suna neman wurin zama a mota.

"Ina za ku? Ku ɗaure takalmanku, tare za mu taka."