Ragon da Ilu Ya Fasa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, tun ana ciniki da wuri. Sunansa Nomau. Ku saurara da kyau, musamman ku na baya masu shaguna da kuke ta gyangyaɗi, don da ku nake.

Nomau ba malami ba ne, ba attajiri ba. Kiwo yake yi, kiwon ma na talaka. Tunkiya ɗaya tal gare shi, wata uda, gabanta baƙi bayanta fari. Ita ce jarinsa, ita ce gonarsa. In ta haihu sai ya turke ɗan, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa, in ya yi ƙiba ya sayar, gida ya ci abinci.

Wata rana wani matashi mai suna Ilu ya zo daga ƙauyen gaba, ya ga ragon Nomau a turke, ya yaba. Suka yi ciniki, Nomau ya sallama, Ilu ya biya kuɗi cif, ko wuri bai rage ba. Sannan ya ce, "Baba, ka ci gaba da riƙe min shi. In lokaci ya yi zan zo."

Nomau ya ce, "Wane lokaci ke nan, ɗana?"

Ilu ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Lokaci dai, Baba." Ya yi tafiyarsa.

To, bazara ce, rumbun Nomau ya kusa ƙarewa. Ya ɗauki kuɗin ya sayi hatsi. Ya yi laifi? Bai yi ba, halalinsa ne. Shi da iyalinsa suka yi ta ci, har hatsin ya yi nisa.

Rannan da hantsi sai ga Ilu. Ya rame, idanunsa sun yi ja, gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa. Nomau ya ɗauka daga sharar gona yake. Suka gaisa, Ilu ya tsuguna, ya ce, "Baba, na fasa."

"Ka fasa me?"

"Ragon. Don Allah ka riƙe abinka, ka mayar min da kuɗina."

Nomau ya dube shi. Ya ce, "Wani aibu ka gani a jikinsa?"

"Babu."

"To me ya faru?"

Ilu bai ce uffan ba, ƙasa kawai yake kallo. Jama'a, ku sa kanku a matsayin Nomau. Ciniki ya faɗa tuntuni, kuɗi sun zama tuwo, tuwo ya shiga ciki. Ga mutum ya zo ya ce ya fasa, dalilin ma ya ƙi faɗa. Nomau ya dubi yaron nan, ya ga leɓensa na rawa. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Gobe kasuwa ke ci. Zan kawo maka har gida."

Ilu ya ce, "Don Allah Baba, kada ya wuce goben."

Yana fita, Tambai matar Nomau ta leƙo daga ɗaki, ashe duk ta ji. Ta ce, "Malam, da me za ka biya? Ciyawa ta ƙare a daji, kowa fitar da dabbarsa yake yi, rago ya faɗi warwas. Ko rabin kuɗin ba zai kawo ba." Sai ta ga inda idonsa ya tafi. Ta ce, "A'a! Kada ka kalli tunkiyar nan. Ciki gare ta, Malam. In ta fita gidan nan, mu kuma mu kama me?"

Nomau ya kau da kai daga turken. Wunin ranar bai iya cin abinci ba. Ya shiga, ya fita, ya zauna, ya miƙe. In ya tuna yaransa sai ya ce ai ba dole. In ya tuna leɓen nan mai rawa sai ya ce ai na riga na faɗa. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron yunwa.

Kashegari ya ja rago zuwa kasuwa, wurin wani dillali Barau, mai baki kamar reza. Da Barau ya ji labari sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Kai Nomau, yaushe za ka yi wayo? An taya, an sallama, an biya. Ko gaban alƙali aka je kai ke da gaskiya. Ni na san irinsu. Ya hango mai araha a wata kasuwa ne, shi ne ya zo yana yi maka fuskar tausayi. Ka ce ya zo ya ja ragonsa, in ya ga dama ya kwana da shi."

Maganar ta shige shi, wallahi ta shige shi. Amma ya ce, "Sayar dai, Barau."

Aka sayar, kuɗin suka zo yadda Tambai ta faɗa. Nomau ya tsaya tsakiyar kasuwa, rana na dukansa, gumi na zuba. Ba wanda zai kama shi in ya tsaya a nan. Ku saurara, nan ne wurin. Mutum ba a gane shi inda aka tilasta masa, sai inda aka ce masa kana da gaskiya, ka yi yadda kake so.

Ya koma gida. Ya durƙusa gaban turke yana kwance igiya, tunkiyar na shinshinar rigarsa tana zaton dusa ya kawo. Tambai na tsaye bakin ɗaki tana hawaye. Ya ja tunkiyar zuwa kasuwa. Barau ya girgiza kai, ya sayar, kuɗi suka cika.

Kada ku ɗauka da farin ciki ya kama hanyar ƙauyen. Ina! Ɗan Adam ne. Yana tafe yana tafasa, maganar Barau na yi masa yawo a kai. Har ya shirya abin da zai faɗa. Ya ce in na miƙa masa kuɗin zan ce, "To, ina ragon mai arahar da ka samo? Fito da shi mu sa albarka." Ya yi ta maimaita ta a hanya, tana yi masa daɗi.

Da ya isa ƙofar gidan ya yi sallama, sai wata tsohuwa ta fito, goggon Ilu ce. Ta ce, "Kai ne mai ragon? Sannu, bawan Allah. Ai ragon suna ne. Matarsa ta sauka jiya da asuba, ɗan fari, namiji, amma bai zo da rai ba. Daga maƙabarta ya wuce wurinka. Ita kuma uwar tana kwance, jini ya ƙi tsayawa. Akwai mai magani a ƙetaren gulbi, amma sai an yi hayar jaki, an biya mai jirgi kuɗin fito, an biya magani, shi kuwa duk abin da ya mallaka yana jikin ragon nan."

Nomau ya ce, "Innalillahi! Me ya hana shi gaya min?"

Tsohuwa ta ce, "Haba, kai ma ka san kunyar ɗan fari. Ko yaron na raye ba zai iya buɗe baki ya ambace shi gaban babba ba, balle yanzu."

Sai Nomau ya tuna jar ƙasar nan ta gwiwar wando. Ya zauna a dakali. Maganar da ya goyo tun daga gida tana nan a kan harshensa, saura ƙiris ya jefi uban da ya binne ɗansa jiya da ita. Ilu ya fito, Nomau ya miƙa masa jakar kuɗin da hannu biyu, ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne. Tashi ka nemo jaki." Kafin la'asar Ilu da matarsa sun kama hanyar gulbi.

Na ga kuna jira in ce Nomau ya tsinci tukunyar zinariya a hanyar komawa. Bai tsinta ba. Daminar nan ƙodago ya yi a gonakin mutane, bayansa ya sha rana, turkensa ya daɗe babu komai. Amma matar Ilu ta tashi. Ta rayu, ta haifi waɗansu, ta ga jikokinta. Abin da tunkiyar Nomau ta saya ke nan, sauran ladan kuma yana wurin Wanda ba ya mantuwa.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya yi nadamar ciniki ya dawo, ka karɓa ka mayar masa da kuɗinsa, kai ma Allah zai ɗauke maka tuntuɓenka ranar da kake bukata. Kai tela, kai mai sayar da waya, ke mai kayan ɗaki, kai da ka rubuta a bangon shago da jan fenti wai in an saya ba a dawowa: in kayanka na da aibu, mayar da kuɗi dole ne, ba alfarma ba. In kuwa lafiyarsa ƙalau, to ga ƙofar lada an buɗe maka. Kai kuma mai saye, ka ji tsoron Allah, kada ka mai da fasawa wasa, don wani tunkiyarsa yake kwancewa.

Gobe in wani ya tsaya gaban shagonka ya ce ya fasa, ka tambaye shi dalili ya yi shiru, kada ka yi saurin cewa ya raina ka. Ba ka san daga inda ya taso ba. Ka dubi gwiwarsa tukuna.

Allah ya sa mu dace, ya yafe mana ranar da za mu koma gare Shi muna cewa mun yi nadama.