Ƙofar Ɗanyen Madaci

Salihu ɗan Bobboyi kafinta ne, kuma a duk unguwarmu ta Demsawo, a Jimeta, ban san wanda ya fi shi iya haɗa ƙofar gida ba. Aibinsa guda ne, wato gaggawa. Da zarar ya ga aiki a zuciyarsa, so yake ya gan shi tsaye a bakin gida kafin mako ya zagayo. Ni maƙwabcinsa ne, tsohon ma'aikacin gandun daji, kuma na saba rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi, har da ranakun da aka yi ruwa. Daga littafin nan na ɗebo ranakun da zan ambata.

Salihu ya iso Jimeta a farkon Nuwamba 2014, bayan 'yan tayar da ƙayar baya sun shiga Mubi. Mahaifinsa, Malam Bobboyi, wanda ya yi shekara arba'in yana yi wa mutane ƙofofi, ya rasu a hanya domin tafiyar ƙafa ta fi ƙarfinsa. Shagonsu ya ƙone. Abin da Salihu ya tsira da shi ƙaramar wuƙar sassaƙa ce ta mahaifinsa, sai kuma alamarsa: zane uku da ɗigo ɗaya, wadda Bobboyi yake sassaƙawa a ƙasan kowace ƙofa ta ciki. A unguwarsu, wanda ya ga wannan alama ba ya tambayar ko ƙofar za ta daɗe.

Ya kafa rumfar kwano kusa da gidana. Wata takwas yana gyaran benci da ƙafar tebur, abin yana cin ransa.

"Bappa, a garin nan ba wanda ya san ni," ya ce mini wata rana. "Ƙofa ɗaya nake so in tsayar, su ga hannun gidanmu."

A watan Yuli 2015 Hajja Khadijah ta zo rumfar. Ita ma 'yar gudun hijira ce daga Mubi, mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yan'uwanta sun ba ta gida a unguwar Karewa, tana zaune da 'yarta Sakinatu, wadda mijinta yake koyarwa a Ganye. Saboda abin da ta gani a Mubi, Hajja ta ƙara wa katangar gidan tsawo, ta sa aka toshe ƙofar baya da bulo. Hanyar shiga da fita ɗaya ce tak.

"Ƙofar gidana ta Mubi ubanka ne ya yi ta," in ji Hajja. "Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa yi mini gardama ba. Irinta nake so. Ba na son ta ƙarfe, sai ka ce ina zaman kurkuku."

"Goggo, ki ba ni kwana ashirin."

"Ban tambaye ka kwanaki ba, ɗan Bobboyi. Akwai tsohon ƙyaure yana rufe mu. Ka yi a hankali."

Washegari ya tafi kasuwar katako ya sayo madaci. Da na ɗaga falle ɗaya, sai na ji shi da nauyi da sanyi a tafin hannu. Bai fi mako uku da sara ba. Na tuna masa abin da shi da kansa ya taɓa gaya mini game da mahaifinsa: Bobboyi yakan ware falle ɗaya ya ɗora shi a sikeli kowace Juma'a, kuma ba ya sa wa katako zarto sai nauyin ya tsaya wuri ɗaya Juma'a uku a jere, alamar ruwan cikinsa ya gama fita.

"Baba yana da suna, shi ya sa yake da lokacin jira," in ji Salihu. "Ni idan na ce mata shekara guda, gobe za ta tafi wurin mai walda."

"Ita ta ce ka yi a hankali."

"Haka kowa yake cewa, Bappa."

Dole in faɗi gaskiya, ƙofar ta yi kyau. Ya sassaƙa mata zanen ganye a sama, ya goge ta har jan madacin ya fito. Aka kafa ta ranar Asabar, 15 ga Agusta 2015, da alamar Bobboyi a ƙasanta. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Kafin wata ya ƙare mutum uku sun ba shi aikin ƙofa.

Da rani ya shigo, katakon ya fara bushewa a jikin ƙofar. Zuwa Fabrairu mahaɗan sun buɗe har yatsa yana shiga, ƙyauren ya murɗe, sakata ta daina samun raminta. A lokacin mutanen Jimeta ba su gama farfaɗowa daga tashin bama-bamai ba, kowa yana duba ƙofarsa sau biyu. Hajja ta koma tokare tata da turmi.

Ta aika masa. Na ba shi shawara ya cire ƙofar gaba ɗaya, ya nemi gafara, ya sake wata da busasshen katako. Bai yarda ba, domin yana tsoron mutum ukun nan su ji. Ranar 12 ga Maris 2016 ya je da siraran katako, ya cusa su a tsagogin, ya ƙara wani a gefen ƙyauren har ya zauna daram a firam, ko takarda ba ta wucewa. Kafin la'asar ya gama, ya dawo yana murna.

"Ka auna ta a watan da ya fi kowanne bushewa," na ce masa. "In damina ta zo za ta sha ruwa ta kumbura. Ka bar mata wurin numfashi?"

"Madaci ne, Bappa, ba burodi ba."

An yi ruwa kwana uku a jere, daga 20 zuwa 22 ga Agusta. Ranar Talata 23, bayan la'asar, naƙuda ta kama Sakinatu, jini ya ɓalle mata. Hajja ta zare sakata ta ja ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ta kumbura ta cije a firam. Hajja ta yi ta kira ta saman katanga har maƙwabcinta Hosea, mai tuƙa keke-napep, ya ji. Maza huɗu suka sa kafaɗa, ba ta motsa ba. Sai da aka nemo gatari. Hosea ya gaya mini cewa daga kiran Hajja zuwa lokacin da suka fito da Sakinatu minti talatin da biyar ne, domin ya duba wayarsa. Sai da aka ƙara mata jini leda biyu a asibiti. Allah ya kiyaye, ta rayu, jaririyar ma ta rayu, aka sa mata suna Basma.

Bayan suna Hajja ta zo rumfar Salihu da kanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance gefen mayafinta ta fito da guntun katako, wanda yake ɗauke da zane uku da ɗigo, ta ajiye a kan bencinsa.

"Na kawo maka sunan ubanka," in ji ta. "Ka ajiye shi inda ba zai ji kunya ba."

Ta juya ta tafi. A makon ta sa aka kafa mata ƙofar ƙarfe. Mutum ukun nan suka janye aikinsu.

Kwana goma Salihu bai buɗe rumfa ba. Na yi zaton zai bar sana'ar. Sai ga shi wata safiya a ƙofar gidana.

"Bappa, sikelinka na aiki yana nan?"

"Yana nan."

"Zan sake yi mata ƙofa. Ko ta karɓa ko kada ta karɓa, sai na yi ta yadda Baba zai yi. Ni zan ɗora, kai ka rubuta. Kada ka bar ni in taɓa katakon kafin lokaci, ko na roƙe ka."

Ya sayo sabon madaci, ya jera shi a inuwa, ya sa ƙananan sanduna tsakanin falle da falle domin iska ta ratsa. Awon farko ranar Juma'a ne, 7 ga Oktoba 2016: kilo goma sha shida da giram ɗari huɗu. Daga nan ya koma gyaran benci da tebur, ba ya ƙorafi. Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, yakan ɗauko fallen ya kawo.

Hosea, wanda yakan kawo fasinja Demsawo, ya mai da abin nishaɗi.

"Kafinta, katakon naka ya rame kuma? Kawo shi in kai shi asibiti a sa masa ruwa."

"Ramar nake nema, Hosea."

"Ni matana da ya haihu ma ba a auna yaron haka ba. In ya fara tafiya ka gaya mini."

Salihu yakan yi murmushi kawai. Sau biyu na ga ya tsaya a gaban tarin katakon da zarto a hannu, sau biyun kuma ya mayar da zarton ya rataye ba tare da na ce komai ba.

Ranar Juma'a, 14 ga Afrilu 2017, Hajja ta aiko Hosea ya kira shi. Na raka shi. Muka tarar da Basma, wadda ta fara rarrafe, an naɗe mata tafin hannu. Ta dafa ƙofar ƙarfen da rana tsaka, zafin ya ƙone ta.

"Hosea ya ce kana tara mini katako," in ji Hajja. "Na gaji da wannan tanderun. Kawo ƙofar a makon nan, in manta da abin da ya wuce."

Abin da Salihu ya yi wata bakwai yana fata ke nan. Ya dube ni.

"Bappa, nawa ya ragu yau?"

"Giram ɗari da hamsin."

Ya sunkuyar da kai. "Goggo, bai bushe ba. Kuma ko ya bushe, ina so ya ga damina tukuna. Ba zan iya kawo ta kafin Disamba ba. Gobe zan zo in rufe wa ta ƙarfen fuska da tabarma saboda yarinyar."

"Da ba a sa ka gaggawa ba, ka yi. Yau ana sa ka, ka ƙi?"

"Na ƙi, Goggo. Ki yi haƙuri."

"To, riƙe abinka."

Muka fito. Washegari ya je ya ɗaura tabarmar, Juma'a kuma ya kawo fallen kamar kullum.

Nauyin ya tsaya a kilo goma sha ɗaya da giram ɗari bakwai a ranakun 12, 19 da 26 ga Mayu. Da damina ta yi nisa ya ƙaru da giram ɗari huɗu, Salihu ya auna faɗin fallen ya ga iyakar kumburinsa. A Nuwamba ya fara aiki, ya yi mako shida. Tsakanin ƙyaure da firam ya bar tazarar kaurin tsinken ashana biyu. A ƙarshen Disamba muka ɗora ƙofar da firam ɗinta a a-kori-kura muka kai Karewa, ba tare da mun san ko za a bar mu mu sauke ba.

Hajja ta daɗe tana dubanta. Ta shafa ta, ta ƙwanƙwasa.

"Ku tsayar da ita a zaure, ku ɗaure ta a bango," in ji ta. "Ba za a kafa ta ba. Ka sa ni jira, kai ma za ka jira. Rani ɗaya, damina ɗaya. In ta motsa, itacen girki ce."

"Na yarda, Goggo."

Kowane ƙarshen wata yakan je da igiya ya auna ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya buɗe ta ya rufe, ni kuma in rubuta. Awo goma sha ɗaya muka yi. A Maris ba ta tsage ba, a Agusta ba ta cije ba.

Ranar Asabar, 15 ga Disamba 2018, Hajja ta sa aka cire ƙofar ƙarfen. Da aka gama kafa ta katakon, ta tura ta da yatsa biyu, ta zura sakata, ta zare. Sannan ta durƙusa da ƙyar ta duba ƙasan ƙyauren ta ciki.

"Ina alamar?"

"Ban sa ba, Goggo. Ke kika mayar mini da ita."

"Wuƙar ubanka tana tare da kai?"

"Tana aljihuna."

"To, me kake jira?"

Hosea ya ce, "Hajja, kada ki tambaye shi haka, zai ce sai Juma'a uku." Kowa ya yi dariya, har ita. Salihu ya durƙusa ya sassaƙa zane uku da ɗigo ɗaya, a hankali.

A watan Agustan da ya wuce na bi ta Karewa bayan an yi ruwa mai yawa. Na tsaya na gwada ƙofar da tsinken ashana, ya wuce ba tare da ya maƙale ba. Ina tsaye Basma ta dawo daga makaranta, ta tura ƙofar da hannu ɗaya ta shige.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Salihu bai rasa gwaninta ba, kuma ba wanda ya matsa masa. Tsoron kada dama ta wuce shi ne ya sa ya yi aiki da ɗanyen katako, sannan tsoron jin kunya ya sa ya rufe kuskure da wani kuskuren, har rai biyu suka kusa salwanta a bayan ƙofar da ya yi. Kwana ashirin ɗin da ya yi alfahari da su sun ci masa fiye da shekara biyu kafin ya dawo da sunan mahaifinsa. Duk mai sana'ar da mutane suke dogara da aikinsa, ya sani cewa akwai abin da hannu yake yi, akwai kuma abin da lokaci ne kaɗai yake yi. Idan ka yi kuskure, ka cire shi daga tushe, kada ka yi masa faci. Idan kuma aikinka bai kai ba, ka iya cewa bai kai ba, ko da a ranar da ake roƙon ka kawo shi.