Kurege Mai Sayar da Turanci

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnuwa.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun yi shiru.

Kurege ne ya ɓace daga daji damina guda. Ashe rufin wata makaranta ya shige a birni, yana satar alli yana gaigaya, yana jin malami na koya wa yara karin maganar Turanci. Da rani ya dawo da guda uku rak a kansa. Ya baza tabarma a gindin kuka, ya ce Turanci yake sayarwa, kowanne ƙoƙon gyaɗa.

Jaki ya fara zuwa, ya zube gyaɗa.

Kurege ya ce, "Ka ce piece of cake. Abu mai sauƙi ke nan, wanda ba ya sa ka gumi."

Tun daga ranar, a labta wa Jaki kaya har gwiwarsa ta riƙa rawa, a ce sannu, ya ce, "Piece of cake." Sai a ƙara masa buhu. Ilimi ya yi masa rana.

Kunkuru ya zo, ya zube gyaɗa, aka ba shi under the weather, wato jiki ba daɗi. Duk ranar gayya Kunkuru yana under the weather, sai an sauke tuwo yake warkewa. Aku ta zo, ta zube gyaɗa, aka ba ta spill the beans, wato tona asiri. Wannan kam asarar gyaɗa ta yi, don tun tana ƙwai take wannan sana'a.

Daji ya cika da Turanci, ba mai gaisuwa sai ya jefa ɗaya. Labari ya kai kunnen Kura.

Kura ta zo, ta zauna a kan rabin tabarma da rabin wutsiyar Kurege.

"Malam Kurege, nawa nake so. Wanda ba ya bakin kowa. Ba zan haɗa magana da Jaki ba."

Kaya sun ƙare, Kurege ya sani. Ya buɗe baki zai ce babu, sai Kura ta ce, "Rumbun gyaɗa guda zan ba ka."

Rumbu! Yawu ya riga hankali fitowa. Ya lalubi kansa, bai samu komai ba sai ihun da malami ke yi kullum in ya nemi allinsa ya rasa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki ce who stole my chalk."

"Me yake nufi?"

"Yana nufin ni ce babba a nan, kowa ya shiga taitayinsa."

Ku kun san ma'anarsa kawai ita ce wa ya sace mini alli, kun kuma san ɓarawon. Kura ta maimaita, ta ji daɗinsa a baki, amma ta kanne ido.

"Mu je wurin Hajiya Shamuwa. Ita ce ke cin rani a Ingila. In ta ce haka ne, rumbu naka. In ta ce ba haka ba, kai nawa."

Suka kama hanya. Tsoro ya kama Kurege sosai, har gyaɗar ta fita ransa. Suka iske Shamuwa a kan tsamiya, dabbobi sun kewaye ta, tana ba su labarin sanyin Ingila. Kurege ya dubi ƙafafunta, ya ga busasshen taɓon fadama har gwiwa. Ingilar ke nan, inda kwaɗi suke.

Ya ɗaga murya. "Hajiya, barka da sauka! Wani karin magana muka kawo, irin na manyan Turawa. Wanda ya tsaya fadama kamun kwaɗi ba zai taɓa jin sa ba, sai wanda ya shiga Ingila ciki."

Kura ta buɗe maƙogwaro ta ce, "Who stole my chalk!"

Shamuwa ta dubi taro, taro ya dube ta. Ta gyara fiffike, ta yi tari.

"Ikon Allah! Har ya iso nan? Ai da shi ake buɗe taro a can. Sai dai ki ƙara jan ƙarshen, haka masu kuɗinsu ke yi."

Kurege ya sauke ajiyar zuciya. Kura ta ja ƙarshen, ta sake ja, tsuntsaye suka watse. Sannan ta dafa shi da hannu ɗaya, har ya nutse cikin ƙasa.

"Malami irinka ba a barin sa a bakin hanya, wani ya saye. Rumbun yana ƙofar ramina, can za ka tare. Kullum da safe ka ba ni sabo kafin in karya. Ran da babu sabo, da kai zan karya."

Yana can har yanzu, ga gyaɗa har rufi, ya rame kamar tsinke. Jiya da kyar ya tuno sit down daga tsawar malami ya sayar mata, yau come here, na gobe kuwa bai san inda zai samo ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In za ku yi ƙarya, yara, kada ku yi mai daɗin da za a ce a ƙaro.