Rilwanu da Tukunyar Baba Arzika

Jama'a ku gyara zama. Akwai wani ɗalibi a Aliero sunansa Rilwanu, irin waɗanda in ka ce musu ina kwana sai sun gyara maka lafazi.

Aikinsa na kammala karatu a kan ƙarfe yake. Yana son kwamfuta ta zana masa yadda narkakken alminiyum ke daskarewa, da irin ƙwayoyin da ke fitowa a cikinsa. Malaminsa ya ce sai zanen ya yi daidai da ƙarfen gaske, in ba haka ba ya maimaita shekara. Kwana shida ya rage.

Rilwanu ya je Jega wurin Baba Arzika mai zuba tukwanen alminiyum, ya karɓo ɓallin tukunya, ya duba a madubin ƙara girma. Gefe ɗaya ƙwayoyi ƙanana kamar gero, ɗaya gefen dogaye kamar shinkafa. A kwamfuta kuwa duk kansu ɗaya.

Nan fa zargi ya tashi. Ya fara da abokin ɗakinsa Waliyyu.

"Kai ka taɓa mini na'ura ko?"

"Ni da ko kunna ta ban iya ba?"

"Haka masu laifi ke cewa."

Ya sauya lambar sirri sau uku. Har banɗaki da jakar kwamfutar yake shiga. Zane dai bai sauya ba.

Sai ya ce ai tsohon nan ne. Ya hau mashin sai Jega, ya tsaya bakin rumfa ana tsakar ciniki, ya ɗaga murya.

"Baba, algus kake yi wa ƙarfenka! Kwamfuta ta tona ka!"

Wasu mata biyu daga Maiyama da ke taya tukunyar biki suka ajiye ta a hankali, suka ja da baya.

Baba Arzika ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, ita na'urar taka, mi ka gaya mata game da zahi?"

"Na ba ta lamba."

"Lamba nawa?"

"Ɗaya mana."

"Ko'ina da ko'ina?"

"Ko'ina."

"To tuɓe takalmi."

Ya tsayar da shi kan ƙasar da yake binne tukunya in zai yi zubi, ƙafar dama ta wajen wuta, ta hagu ta wajen randa inda ake yayyafa ruwa. Ba a yi minti ɗaya ba Rilwanu ya fara ɗaga ƙafar dama kamar zakara a kan kwano.

"Tsaya mana, malamin boko! Ba ka ce zahi ɗaya na ba?"

Kasuwa ta fashe da dariya.

"Wurin ga da ƙahwarka ta ji sanyi, nan ƙarfe ka fara kamawa, da sauri, ƙwaya ta hito ƙanana. Can wurin wuta sai ya ja lokaci. Ko tuwo a faranti daga baki yake hucewa. Ba ka cin tuwo ne?"

Rilwanu ya ja gefe. Ya zauna kan buhun gawayi, ya buɗe kwamfuta. Ya raba wurin zubin gida-gida a cikin na'urar, gefen randa ya ba shi nasa sanyin, gefen wuta nasa zafin, tsakiya kuma ya bi a hankali daga wannan zuwa wancan. Kafin la'asar zane ya fito: gero nan, shinkafa can.

Ya matso kusa, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri."

"Mi? Ban ji ba. Ɗazu ai muryarka har tasha ta kai."

Dole Rilwanu ya miƙe, ƙafa ba takalmi, ya kwarara: "Jama'a, ƙarfen Baba Arzika lafiya lau! Ni ne na yi wa na'ura ƙarya!"

Sai da ya faɗa sau uku tsohon ya miƙa masa takalminsa. Rilwanu ya ci jarrabawarsa kuwa, amma har yau in ya shiga layin maƙeran Jega, "Lamba Ɗaya" suke kiransa.

Darasi: Kafin ka zargi mutum, koma ka duba abin da kai ka saka da hannunka. In kuma ka ɓata suna a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka gyara shi. Ku tura wa wannan abokin naku da kullum laifin na wani ne, kun san shi ai.