Hoton Mas'udu da Buhu a Ka

Akwai wani mutum a 'Yankuzo, sunansa Mas'udu, ya fito takarar kansila a zaɓen ƙarshen 1998. Mutum ne mai haƙuri, amma fa ko fosta ɗaya bai buga ba. Ƙauyukan gefe ma ba su san fuskarsa ba.

Abokin takararsa kuwa, Alhaji Tajuddeen, sai ya tono wani tsohon hoto, lokacin da Mas'udu ke dako a kasuwar Tsafe. Buhun gero a ka, riga a yage, gumi sharkaf. Ya kai Gusau aka buga masa da yawa, aka rubuta a ƙasa: "Wanga ɗan dako zai wakilce ku?" Aka manna ko'ina, har jikin rumbuna.

Wallahi kwana biyu Mas'udu bai fita ba don kunya. Ya riga ya cire rai da kujerar.

Amininsa Lukuman ya same shi, ya ce, "Kai, tashi mu rama! Kowa ya manta ƙanin Alhaji ya taɓa zaman gidan yari. Ba ni lasifika, yau zan tuna musu."

Mas'udu ya ce, "Mi ƙaninsa ya yi mini? Yana da 'ya'ya a makaranta. Bar shi, in faɗuwa ce in faɗi."

Ranar zaɓe ya je rumfa kansa a ƙasa. Sai wata tsohuwa, Inna Yelwa, ta tare shi da fostar a hannu.

"Kai ne mai buhun nan?"

Ya ce, "Ni ne, Inna."

"To nuna mini alamar jam'iyyarka. Mijina da dako ya ciyar da mu har ya rasu. Wanda ya zage ka, mijina ya zaga."

Ashe manoma da 'yan dako duk haka suka ji abin. Da aka ƙirga, Mas'udu ya ci da rata mai yawa. Ya zauna a ƙasa yana ta hamdala, Lukuman na dariya yana cewa, "Sai mu je mu gode wa Alhaji, shi ya buga mana fosta!"

Darasi: Ko kansila kake nema ko shugaban ƙasa, in ka wulaƙanta abokin takararka da sana'arsa, masu ƙuri'a ka wulaƙanta. Faɗi abin da za ka yi wa mutane, ka bar mutuncin wani. 'Yan uwa, ku tura wa 'yan siyasar unguwarku su gani.