Mai Neman Auren da Ya Tsallake Igiyar Taru

Akwai wani saurayi a Kwatano, sunansa Romuwal, aikinsa fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa. 'Yan kuɗi suka ɗan shigo masa, sai kai ya kumbura. Irin mutanen nan ne da in ka gaishe su, sai sun duba takalminka kafin su amsa.

Allah ya jarrabe shi da son wata ma'aikaciyar jinya mai suna Senami, autar Baba Dosa, tsohon direban jirgin ƙasa. Son kam na gaskiya ne, ba zan zalunce shi ba. Ya tura manyansa, aka karɓe su da mutunci, amma Baba Dosa bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku ce masa ya zo ran Asabar da kekensa, mu zaga tare."

Duk unguwar an san abin da wannan magana take nufi. Kowace Asabar Baba Dosa da tsofaffin abokansa sukan hau kekuna su bi bakin teku ta cikin itatuwan kwakwa, su karya ta gadar tafki, su ratsa ƙauyuka da gonakin rogo, su dawo gida. Ba tsere suke yi ba, hira ce a kan keke. In sun tarar da masunta suna jan taru sai su sauka su kama igiya, a ba su rabonsu na kifi. Mai neman aure kuwa, kifin da hannunsa ya ja shi zai kai wa uwar yarinya. In ta dafa aka ci tare, magana ta zauna. Haka aka aurar da yayyen Senami duka.

Da Romuwal ya ji, sai da ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Wai a wannan zamanin a ce kifi ne zai ba ni mata? To, shi ke nan, zan nuna wa tsofaffin nan yadda ake tuƙa keke."

Ya je ya sayo keken tsere mai siririyar taya, ya haɗa da hular kwano da safar hannu da wani matsattsen wando mai sheƙi. Ran Asabar da safe ya iso ƙofar gidan yana ƙyalli kamar sabon kwanon silba.

Tsoho Hunkpe, aminin Baba Dosa, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, wandon ƙanwarka ka aro? Ka yi a hankali kada ka yi atishawa, mu shiga uku."

Tsofaffi suka fashe da dariya. Romuwal ya yi yaƙe, yana kallon kekunansu. Wani an ɗaure masa kariyar ɗora kaya da roba, wani sarƙarsa tana kuka tun ba a hau ba. A ransa ya ce, waɗannan ko mai gwangwan sai an roƙe shi zai karɓa.

Aka kama hanya. Teku tana hannun hagu tana ta tumbatsa, iska mai gishiri tana kaɗa ganyen kwakwa, tsofaffi suna tafe suna musu a kan wanda ya fi iya rawa a zamanin samartaka. Sun tsaya shan ruwan kwakwa. Sun tsaya gaida wata tsohuwa mai ƙyafa kifi. Har akuya sai da suka tsaya wa ta gama ƙetare hanya da 'ya'yanta. Romuwal sai ya wuce gaba, ya dawo, ya zagaye su yana tsaki, kamar ƙudan da aka rufe a ɗaki.

"Baba, da wannan tafiyar ai gara mu sauka mu tura."

"Ina kake sauri, ɗana?" in ji Baba Dosa. "Inda muka tashi can za mu koma."

Suna wuce wani ƙauye suka tarar da masunta a kan aiki. Maza da mata sun yi layi tun daga bakin ruwa, suna jan taru suna waƙa, igiyar ta ratsa hanya an naɗe bakinta a gindin wata kwakwa. Tsofaffi suka jingine kekuna, suka naɗe wanduna, kowa ya sami gurbi. Mai tarun, wani dattijo da ake kira Kokuvi, ya matsa wa baƙon wuri da kansa.

"Surukin Dosa, zo nan kusa da ni. Yau za mu ga ƙarfin 'yan birni."

Romuwal ya dubi igiyar, jiƙaƙƙiya, duk yashi da ƙarni. Ya dubi farar safar hannunsa. Ya toshe hanci da bayan hannu a gaban mutane, ko kunya babu.

"Ni? A'a, ku dai da kuka saba. Ku ɗan sassauta abin nan in wuce."

Waƙar ta ɗan yi ƙasa. Baba Dosa ya ce masa a hankali, "In ba za ka ja ba, ɗana, zagaya ta bayan kwakwar can."

Zagayen nan bai kai nisan jifa ba. Kuma yaron goye ma a bakin teku ya san ba a tsallake igiyar taru ana cikin ja. A wurinsu daidai yake da ka tsallake kwanon mutum yana cin abinci. Romuwal ya sani sarai, a nan aka haife shi. Gani ya yi dai ba zai zagaya saboda masu warin kifi ba. Ya saɓa keke a kafaɗa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake, har takalminsa ya taka igiyar.

Waƙa ta mutu. Wata mata ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Ɗan gidan uban wane ne wannan?" Shi kuwa gogan ya haye kekensa, ya ɗaga musu hannu ba tare da ya waiwaya ba.

Daga nan ya sakar wa keke gudu. Ya ƙetare gadar tafki, ya ratsa gonakin rogo da na tumatir, masu sayar da abarba suna masa sannu, bai ma ji su ba. Daɗi yake ji, wai shi ya huta da tsofaffi. Sai da ya kusa gari ya tuna da zancen kifi. Ya tsaya a wani shago ya zaɓi ƙaton kifin ƙanƙara, wanda ya tabbata tarun Kokuvi bai taɓa kama irinsa ba. Har yana yaba wa kansa wayo.

Maman Senami tana tsakar gida da roba a hannu, ta riga ta niƙa tumatir da barkono. Ya miƙa mata kifin yana murmushi.

Ta taɓa shi da yatsa, ta janye.

"Ikon Allah. Yau tekunmu ƙanƙara take yi?"

"Mama, wannan ya fi nasu tsabta. Daga Turai ake kawo shi."

"To, madalla. Zauna ka huta." Ta ajiye kifin a kan dakali, ta koma ta rage wutar murhu.

Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba Senami labarin yadda ya bar tsofaffi a baya. Ita dai ƙofa take kallo.

Sai da rana ta karkata tsofaffi suka iso. Babu ƙararrawa, babu dariya, kariyar kowa wayam. Baba Dosa ya shigo yana tura kekensa, gwiwoyin wandonsa duk jiƙaƙƙen yashi.

"Baba, faɗuwa ka yi?" Senami ta tambaya.

Tsoho Hunkpe ne ya amsa, yau babu wasa a muryarsa.

"Durƙusawa ya yi, 'yata. Baƙonsa ya tsallake wa mutane igiya ya gudu. Ubanki, da furfurarsa, ya cire hula ya sa gwiwa a ƙasa a gaban Kokuvi da matan ƙauye yana ba da haƙuri. Sun yafe, har suka ba mu kifi. Shi ya ce kunya ba za ta bar shi ya karɓa ba."

Romuwal ya miƙe yana 'yar dariya. "Haba Baba, a kan igiya? Da ka bar su, gobe na aika musu da ɗan wani abu."

Baba Dosa ko kallonsa bai yi ba. Ya zauna yana karkaɗe wandonsa.

Senami ta daɗe tana kallon gwiwoyin ubanta. Sannan ta je ta kama keken nan mai ƙyalli, ta tura shi har waje, ta riƙe ƙofa a buɗe.

Sai a lokacin Romuwal ya daina dariya. Ya bi ta yana magana ƙasa-ƙasa. "Senami, don Allah. Kin san ina son ki. Saboda masunta za ki yi mini haka?"

"Na sani kana so na," ta ce, idonta ya cika da hawaye. "Amma ni ma wata rana zan tsufa, in yi nauyi, in tsaya maka a hanya. Na ga abin da kake yi wa wanda ya tsaya maka a hanya."

Ta rufe ƙofa. Ya daɗe a tsaye a titi da matsattsen wandonsa, yana jiran wani ya kira shi. Babu wanda ya kira shi.

Darasi: Wanda ka raina a hanya ba shi kaɗai yake ganinka ba, wanda kake so ma yana kallo, kuma da yadda ka yi wa wasu zai auna yadda za ka yi masa. Sunkuyar da kai na ɗan lokaci bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman samarin da suke ganin sun fi ƙarfin gaisuwa.