Ɗakunan da Suka Cika Maƙil

Akwai wani mutum, masanin haɗa sinadarai, wanda garinsu ke noman ayaba. Manoma kan sare ta ɗanya, amma kafin ta nuna masu saye sun wuce. Abin ya dame shi ƙwarai, gama a cikinsu ya girma.

Sai ya haɗa wata hoda daga ƙwayoyin ƙarfe, kowace ƙwaya cike da ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, waɗanda ido ba ya gani. A cikin ɗakunan ya zaunar da asid, sinadarin nan mai ƙuna. In ya dafa barasa, tururinta ya ratsa ɗakunan ya taɓa asid ɗin, sai ya fito ya zama iskar da ke nunar da 'ya'yan itace. Manoma suka yi murna, suka tara masa ayabarsu a rumbu.

Mutumin ya ce a ransa, “Kaɗan ya yi wannan aiki, ina ga mai yawa?” Ya yi ta ɗura asid har ɗakunan suka cika maƙil, ƙofofinsu suka toshe. Ya hura wuta, barasa ta zama tururi ta bi ta kan hodar, ta rasa mashiga, ta fito barasarta. Ayaba ta yanƙwane a rumbu, ba ta nuna ba.

Wani tsohon manomi ya zo ya duba, ya ce, “Ɗana, amfanin shekarata ke nan. Maganin ne ya yi rauni?”

Mutumin ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Ya ce, “A'a, Baba, ƙarfinsa na nan. Wurin shiga ne babu.”

Ya wanke hodar, ya rage asid, ta koma aiki. Amma ayabar tsohon ta riga ta lalace.

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗakunan nan zukatanmu ne, asid kuwa gaskiya ce, mai kaifi, mai sāke mutum. Barasar ita ce mai zunubi da ya zo wurinmu da nauyinsa. Waɗansunmu mun cika zuciya da sani da tsawatarwa, har ba sauran wurin da ɗan'uwa zai zauna a saurare shi. Yakan shigo ikilisiya, ya fita yadda ya zo, mu ce shi ne mai taurin kai. 'Yan'uwa, ku riƙe gaskiya, amma ku bar wa mutum ƙofa. Ubangiji yana gafarta mana in mun tuba, sai dai wanda muka mayar baya, ba lallai ne ya sāke zuwa ba.